Ser da Estar: Mai Zama da Mai Tsayuwa

Duk wanda ya shiga ajin Sifaniyanci, kafin ya gama koyon gaisuwa zai ci karo da kalmomi biyu, ser da estar, kuma abu na farko da za a gaya masa shi ne ma'anarsu ɗaya ce. In da Turanci ake darasin, a ce masa dukansu "to be" ne. In da Faransanci ne, kamar a makarantun sakandaren Kamaru inda Sifaniyanci yake cikin harsunan waje da ɗalibi kan zaɓa, a ce dukansu "être" ne. Shi ke nan an jefa shi cikin ruɗani. An ce abu ɗaya ne, amma da ya sa wannan a gurbin wancan sai malam ya zana masa jan biro. Ya ce "soy cansado" yana nufin ya gaji, a ce a'a, "estoy cansado" ake cewa. Ya ce to, "estoy estudiante", a ce nan kuma "soy estudiante" ne daidai.

Mutane wajen miliyan 500 ne suka tashi da wannan harshe a bakinsu, daga Sifaniya zuwa Meziko da Kolombiya da Ajantina, kuma harshen hukuma ne a Ikwatoriyal Gini, nan kusa da mu. Ɗan ƙaramin yaro a cikinsu ba ya tsayawa tunani kafin ya zaɓi ɗaya, domin a kunnensa kalmomi biyu ne daban, kowace da aikinta. Sunan da aka raɗa musu a ajin baƙi shi ya haɗe su, kuma an aro sunan ne daga harsunan da aikatau guda tak suke da shi na wannan aiki. Ni a ganina bai kamata Bahaushe ya gaji wannan ruɗani ba, tunda harshensa ya riga ya raba abin da Turanci da Faransanci suka cakuɗa.

Sifaniyanci ɗan Latin ne, harshen Romawa, kamar Faransanci da Italiyanci da harshen Fotugal. A Latin akwai aikatau esse, wanda shi ne ainihin na kasancewa. Akwai kuma wasu biyu na jiki zalla: sedere, zama a kujera ko a ƙasa, da stare, tsayuwa a kan ƙafa. Estar daga stare ya fito kai tsaye. Wasalin da ke farkonsa ƙari ne, saboda bakin mutanen Sifaniya ba ya son fara kalma da s idan wani baƙi na biye da ita, sai su jingina mata e a gaba. Haka schola, makaranta, ta koma escuela. Mu ma bakinmu ba ya son wannan haɗuwa, sai dai mu a tsakiya muke cusa wasalin, shi ya sa muke cewa sikeli da sitiyari. Estar yana ma da ɗan'uwa a cikin Hausa, wato tasha. Daga Turanci muka aro ta, asalinta kuwa statio ce ta Latin, wurin tsayawa, kuma ita ce mutanen Sifaniya suke kira estación. Daga wannan saiwa estado ya fito, wanda ke nufin ƙasa mai gwamnati, yake kuma nufin halin da abu yake ciki.

Ser ya fi wuyar bi, domin haɗin gambiza ne na saiwoyi uku. Soy, es, somos, son da era daga esse suka zo. Fui da fue daga wata tsohuwar saiwa ce da tun a zamanin Romawa aka riga aka haɗa ta da esse don ta yi masa aikin shuɗaɗɗen lokaci. Ita kuwa kalmar ser ɗin kanta, da sea da siendo da sido, daga sedere suke. A tsofaffin takardun Sifaniya seer ake rubutawa, kuma a wasu wuraren ana ganin yana nan da ma'anarsa ta fari, wato mutum ya zauna. Har eres, na "kai ne", yana da labarinsa: a Latin eris na lokaci mai zuwa ne, "za ka kasance". Da lafazi ya goge, na "kai" da na "shi" suka nemi komawa es dukansu, sai aka jawo eris aka ba shi aikin yanzu don a raba mutum biyun. Soy ma a da so ne kawai. Daga baya ya samu y a ƙarshe tare da abokansa estoy da doy da voy.

Duk Bahaushen da ya ji cewa ser daga zama ya fito zai ji abin ya yi masa kama da na gida. Muna cewa zaman lafiya da zaman aure da zaman makoki, duk daga zaunawa, wadda Basakkwace ke furtawa zamna, inda saiwar ta fito fili. Da wannan saiwa muke cewa ya zama sarki, ya zama dole, ya zamana babu kowa a gidan. Babu dangantakar jini tsakanin Hausa da Latin, kuma babu wanda ya ara daga wani. Hanya ɗaya kawai tunanin mutane ya bi a wurare biyu masu nisa: abin da ya zauna ya tabbata, ya samu suna. Wanda ya tsaya kuwa a wani wuri yake, a wani lokaci, a wani yanayi.

Rabon aiki tsakanin kalmomin biyu bai faru dare ɗaya ba. A tsohuwar waƙar wani jarumin Sifaniya da ake kira Cid, wadda kwafinta ke ɗauke da shekarar 1207, ser yana yin ayyuka da yawa da yau na estar ne, har da faɗin inda mutum yake. Ko a ƙarni na 16 da na 17 ana samun marubuta suna sa ser a wajen nuna wuri. A hankali estar ya riƙa cin iyaka har ya mamaye wannan fage, ya kuma manta da ma'anarsa ta asali. Yau in kana so ka ce mutum yana tsaye sai ka ƙara ka ce "está de pie", yana kan ƙafa, kuma "está sentado", yana zaune, jimla ce ta yau da kullum da babu wanda ke jin wani saɓani a cikinta. 'Yan'uwan Sifaniyanci kowa ya bi tasa hanya. Harshen Fotugal ya riƙe ser da estar, ya ƙara na uku, ficar. Italiyanci yana da essere da stare amma bai ba na biyun fili mai faɗi ba. Faransanci ya haɗiye su duka cikin être guda, ko da yake été da ke cikinsa daga stare yake. Don haka ɗalibin da ya biyo ta Faransanci yana riƙe da saiwoyin biyu a baki ba tare da an bar masa bambancinsu ba.

Daga wannan tarihi na zama da tsayuwa aka samo ƙa'idar da ta fi kowace yawo a littattafan koyarwa: ser na abin dindindin ne, estar na wucin gadi. Tana da daɗin haddacewa, kuma takan yi aiki a makonnin farko. Amma ba a nisa take karyewa. Ana cewa "está muerto", ya mutu, alhali a duniyar nan babu abin da ya kai mutuwa tabbata. Ana cewa "Madrid está en España", kuma ba a taɓa jin birnin ya tashi ya koma wata ƙasa ba. Ta ɗaya gefen ana cewa "es joven", matashi ne, ga shi kuwa ƙuruciya gajeren zango ce. Ana cewa "son las tres", ƙarfe uku ne, abin da minti ɗaya zai shafe. Ɗalibin kirki da ya riƙe ƙa'idar da gaske shi ya fi shan wahala, saboda duk lokacin da ta saɓa sai a ce masa wannan togaciya ce, ya haddace. Togaciyar da ta kai rabin harshe ta nuna ƙa'idar ce ba ta zauna daidai ba.

To mu ajiye ta, mu jera jimlolin nan kusa da Hausa. "Es maestro", malami ne. "Es alta", doguwa ce. "Es de Kano", ɗan Kano ne. "Es de oro", na zinariya ne. "Es de mi padre", na babana ne. "Hoy es viernes", yau Juma'a ce. "Es joven", matashi ne. Duk inda ser ya fito, ne ko ce sun fito, har da ƙarfe uku da ƙuruciyar da suka karya waccan ƙa'ida. Aikin ser shi ne ya faɗi wane ne ko mene ne, ya sa abu cikin jinsinsa, ya ba shi suna. Ko sunan zai daɗe ko ba zai daɗe ba, wannan ba ruwansa. Masu kallon ƙwallon La Liga sun san wannan da bakinsu. Magoyin baya a Sifaniya "soy del Madrid" yake cewa ko "soy del Barça", daidai da yadda matashi a gidan kallo yake bugun ƙirji ya ce ni ɗan Madrid ne. Yana iya sauya sheƙa baɗi, amma a yau sunansa ke nan.

Estar kuwa ƙofa uku yake shigowa ta cikinsu a Hausa. Ta farko ita ce yana da tana. "Está en casa", yana gida. "Estamos en el mercado", muna kasuwa. "Madrid está en España", Madrid tana Sifaniya. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne harsunan biyu da kalma guda suke faɗin inda mutum yake da kuma aikin da yake cikin yi: yana gida, yana cin abinci, "está en casa", "está comiendo". Kamar dai aikin ma wuri ne da mutum ya shiga ya tsaya a cikinsa. Ko lokacin shekara haka ne: "estamos en verano", muna cikin bazara. Ƙofa ta biyu ita ce a buɗe yake, a rufe take, a kwance suke. "La puerta está abierta", ƙofa a buɗe take. "La tienda está cerrada", kanti a rufe yake.

Ƙofa ta uku ta fi faɗi, kuma ita ce ba a cika lura da ita ba. Inda mai Sifaniyanci yake sa estar da sifa, Bahaushe shuɗaɗɗen lokaci yake amfani da shi. "Estoy cansado", na gaji. "Está roto", ya karye. "Está lleno", ya cika. "Está maduro", ya nuna. "Está lesionado", ya ji rauni, kamar yadda ake faɗi game da ɗan wasan da ba a sa shi ba. "Está muerto", ya mutu. A nan matsalar mutuwa ta warware da kanta. Wani abu ne ya faru da mutum ya bar shi cikin wani hali, kuma halin ake ba da labari, ko na awa ɗaya ne ko na har abada. Masanin nahawu Samuel Gili Gaya ya yi wannan bayani a littafinsa na ginin jimlar Sifaniyanci da ya fito a 1943, inda ya nuna estar yana zuwa ne idan mai magana yana kallon sifar a matsayin sakamakon wani sauyi. Abin da ya buƙaci dogon nazari a wurinsa, Hausa ta ajiye shi a fili cikin siffar aikatau ɗinta.

Mu matsa kusa mu ga yadda abin yake a bakin mutane. Wani yaro ya yi shekara biyu a birni, ya zo hutu ƙauyen kakarsa a kudancin Sifaniya. Tana buɗe ƙofa ta kama kumatunsa da hannu biyu, ta ja baya ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce "¡Qué alto estás!" Ɗalibi mai bin ƙa'idar littafi zai ce tsohuwa ta yi kuskure, ai tsawo ba ya komawa, ser ya kamata ta sa. Amma a tuna abin da kaka take cewa a gidajenmu idan jikanta ya shigo bayan an daɗe ba a gan shi ba: "Kai, maigidan, ka yi tsawo!" Ba ta ce dogo ne kai ba. Ba da sauran yaran unguwa take auna shi ba, da shi kansa take auna shi, yadda ta san shi bara waccan. Yana iya zama shi ne mafi gajarta a ajinsu, duk da haka a wurinta ya yi tsawo. Wani masani ɗan Suwidin, Johan Falk, ya gina nazarinsa na 1979 a kan wannan: ser yana gwada mutum da jinsinsa, estar yana gwada shi da yadda aka san shi.

Wannan "ya yi" namu mabuɗi ne mai buɗe ƙofofi da yawa. Miji ya ga matarsa ta yi kwalliyar biki ya ce "estás muy guapa", kin yi kyau. In ya ce "eres guapa", kyakkyawa ce ke, wata magana ce daban, kuma mata a can da nan duk sun san bambancin. Uwargida ta tsaya gaban mai kayan miya a kasuwa, ta ɗaga tumatir ta ji farashi, ta mayar ta ce "están caros", sun yi tsada. Amma zinariya "es caro" ake ce mata, tsada gare ta tun asali. Baƙo ya kai loma ya ce "está rico", ya yi daɗi, yana yabon wannan girkin da ke gabansa da hannun da ya dafa shi. Gili Gaya ya lura da wannan ma: abin da sai ka taɓa ko ka ɗanɗana ko ka gani da idonka kafin ka yanke hukunci a kansa, estar yake nema. Dusar ƙanƙara "es fría", kowa ya san sanyi gare ta. Shayin da aka manta a kan tebur "está frío", ya huce.

Littattafai sukan kawo jerin sifofin da ake cewa suna canza ma'ana, a ce ɗalibi ya haddace su bibbiyu. "Es listo", mai wayo ne. "Está listo", ya shirya. "Es aburrido", mutum ne mai gundura; "está aburrido", zaman ya ishe shi. "Es malo", mugu ne. "Está malo", ba shi da lafiya, in abinci ne kuma ya lalace. "Es verde", kore ne. "Está verde", bai nuna ba. In an duba fassarar za a ga babu wata hadda da ake buƙata: gefe ɗaya ne da ce, ɗaya gefen abin da ya sami mutum. Kalmarmu ta hali, wadda muka aro daga Larabci, tana ɗauke da ɓangarorin biyu. Akwai halin da ake ce wa zanen dutse, shi "¿cómo es?" yake tambaya, wane irin mutum ne. Akwai kuma halin da ake ciki, shi "¿cómo está?" yake tambaya, kuma da shi ake gaisuwa.

Akwai wani wuri da malamai kan kira babbar togaciya. An koya wa ɗalibi cewa wuri na estar ne, sai ga shi ana cewa "el partido es en el Bernabéu", da ser. Dalili shi ne wasa ko biki ko taro ba kaya ba ne da ake ajiyewa a wani wuri, abu ne da ke aukuwa, kuma wurin da lokacin suna cikin abin da ke bayyana shi. Bahaushe ya gwada da bakinsa: filin Bernabeu yana Madrid, amma wasan a Bernabeu ne, ɗaurin auren a masallacin Juma'a ne, taron gobe ne. Ne ɗin ta dawo daidai inda ser ya dawo.

Wasu abubuwan ma da mai Turanci yake tarawa cikin aikatau ɗinsa guda, Sifaniyanci bai ba ser ko estar ba sam, kuma nan ma ya fi kusa da mu. "Hay agua", akwai ruwa, da kalmarta ta musamman kamar yadda muke da tamu. In an san ruwan ana neman inda yake ne sai a koma "el agua está en la olla", ruwan yana cikin tukunya. "Tengo veinte años", ina da shekara ashirin. "Tienes razón", kana da gaskiya. "Hace frío", ana yin sanyi, domin hacer shi ne yi.

Ba na so mai karatu ya ɗauka awon ya dace ta ko'ina, don akwai wuraren da Hausa za ta yaudare shi. Muna cewa naman ɗanye ne, su kuwa "la carne está cruda". Muna cewa mahaukaci ne, su galibi "está loco". Dabarar a nan ita ce mutum ya juya jimlar ya gani ko za ta karɓi shuɗaɗɗen lokaci: naman bai dahu ba, mutumin ya haukace. In ta karɓa ba tare da ma'ana ta gurɓata ba, to estar ya fi kusa. Tarkon da ya fi wannan haɗari shi ne "yana da". Da shi muke cewa yana da kuɗi, yana da kyau, yana da nisa, amma a Sifaniyanci hanya uku suka rabu: "tiene dinero", "es bonito", "está lejos". Wanda ya ga yana ya yi saurin ɗauko estar zai faɗi sau biyu cikin uku. Sana'a ma tana da nata lanƙwasa: "es taxista", direban tasi ne, amma "está de taxista" na wanda yake taɓa tuƙin ne kafin abin da yake jira ya samu.

Wahala ta gaskiya ga Bahaushe tana wani wuri dabam. Ne da ce ba aikatau ba ne. Ba sa nuna lokaci, ba sa nuna mai magana, jinsi da adadi kaɗai suke bi. Kakana ɗan kasuwa ne, ko yana raye ko ya shekara hamsin da rasuwa. Ser kuwa aikatau ne cikakke mai sauya kama da kowane mutum da kowane lokaci, kuma yana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, haka ma estar. "Mi abuelo era comerciante" yana ba da labarin yadda kakan yake a zamaninsa, ba a shata farko ko ƙarshe ba. "Fue alcalde cuatro años" ya rufe zancen: ya yi shekara huɗu yana magajin gari, an gama. "Estaba en casa cuando llamaste", ina gida lokacin da ka kira. "Estuve tres días en Sevilla", na yi kwana uku a Sabiliya. Ga kuma fui, wanda ser yake tarayya da aikatau na tafiya a cikinsa: "fui maestro", na taɓa zama malami, "fui al mercado", na je kasuwa. Sai abin da ya biyo baya ya raba gardama. Nan ne ya kamata a kashe lokacin aji, a yi ta maimaitawa har baki ya saba.

Sunayen da masana suka ba waɗannan kalmomi su ma suna faɗin yadda kowa yake kallonsu. Nahawun Sifaniyanci yana kiran ser da estar "verbos copulativos", daga copula ta Latin, igiya ko abin ɗaure abu biyu. A wannan kallo aikinsu kawai ƙulla suna da sifarsa. Sunan ya dace da ser, amma ya rage wa estar daraja, domin estar yana zuwa da nasa saƙo game da lokaci da sauyi. Masanan Hausa kuwa dirka suke ce wa ne da ce, wato itacen da ake tokare rumfa da shi kada ta faɗi, kuma lalle "Audu malami" jimla ce mai tangaɗi sai an tokare ta da ne. Wanda ya yi karatun zaure ya san Larabci ba ya sa komai tsakanin mubtada'i da habari a zancen yanzu, amma da lokaci ya shigo sai ga kana da 'yan'uwanta, masu faɗin ya wayi gari, ya yini, ya kwana, ya koma kaza. Sifaniyanci ma yana da irin wannan dangi, su quedarse da ponerse da volverse da hacerse, waɗanda babban littafin nahawun da hukumar kula da harshen ta Sifaniya, wadda aka kafa a 1713, ta fitar a 2009 tare da takwarorinta na sauran ƙasashe ya kira masu rabin ƙulli. Almajirin da ya wuce ta wannan babi a Ajurrumiyya ba zai yi mamakin cewa kasancewa tana da ƙofa fiye da ɗaya ba.

A shekarun 1980 wani masanin koyon harsuna a Amurka, Bill VanPatten, ya bi diddigin ɗalibai masu jin Turanci ya ga matakan da suke bi. Da farko ba sa sa komai, sannan su sa ser a ko'ina, sannan estar ya fara shigowa wajen aikin da ake cikin yi, ya biyo da wuri, sai a can ƙarshe su iya sa shi da sifa. Matakin ƙarshen nan, na "estás guapa" da "están caros", shi ne ya fi ɗaukar su lokaci. Shi ne kuwa wanda yarinyar da ta iya cewa kin yi kyau da ya yi tsada take riƙe da shi tun kafin ta shiga makaranta. Littattafan da suke isowa hannunmu an rubuta su ne don magance ciwon waɗancan ɗalibai, shi ya sa suke ɓata shafuka a inda ba ma ciwo, su yi sauri a inda muke buƙatar a tsaya.

Kuma kada mai koyo ya tsorata in ya ji masu harshen sun saɓa wa juna, don estar bai daina cin iyaka ba har yau. Mutumin Madrid "cuando era pequeño" zai ce, lokacin da nake yaro, amma a Meziko ana yawan jin "cuando estaba chico". Carmen Silva-Corvalán ta nazarci maganar 'yan asalin Meziko mazauna Los Angeles, ta wallafa a 1986, ta nuna estar yana shiga wuraren da a da na ser ne kaɗai, wajen faɗin girma da shekaru da kamanni. Game da aure ma akwai mai cewa "estoy casado", akwai mai cewa "soy casado", kuma duka ana karɓa.

Roƙona ga malaman da ke koyar da 'ya'yan Hausawa wannan harshe, a Garwa ne ko Yawunde ko wata jami'a a Nijeriya da Nijar, shi ne ranar da za a fara ser da estar a ajiye Turanci da Faransanci na awa ɗaya. A sa ɗalibai su faɗi jimlolinsu da Hausa, a rubuta masu ne da ce a gefe ɗaya na allo, masu yana da a buɗe yake da ya yi a ɗaya gefen, a ware masu "yana da" a ƙasa don a bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗora Sifaniyancin a kai. Kai kuma da kake koyo kai kaɗai a waya, ko don karatun likita a Kyuba ko don neman abinci a Sifaniya, kafin ka zaɓi soy ko estoy ka fara faɗin maganar da harshen da ka sha a nono, ka ji ko da ne ta ƙare.